Ramar Gonar Garba

Tun da na dawo daga gida ba ku bar ni na sha iska ba. Duk wanda ya zauna a majalisa sai ya ce, "Malam, yaya ka baro Gobir? Da gaske ne abin da ake faɗa?" Ni kuma in ce lafiya lau, in kawo zancen tsadar taki. Alhaji mai shago har cewa ya yi na dawo da rowar baki. Ba rowa ba ce. Labarin ne ba ya faɗuwa a gaban mai shayi ana ta miƙo kofi, shi ya sa na ce bari in rubuta muku, ku karanta ku ƙyale ni. Sunayen da za ku gani ba na gaskiya ba ne, sunan ƙauyenmu kuwa ba zan faɗa ba.

Inna ce ta kira ni. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta kuma taɓa kirana a waya da kanta ba, sai dai a ce mini tana gaisuwa. Da na ji muryarta sai da na miƙe tsaye. Ba ta tsaya dogon gaisawa ba ta ce, "Malam, ka taho. Sun ce Garba wiwi yash shibka. Rama ta, ni na sani rama ta. Ka taho ka hwaɗa musu."

Garba ƙanena ne, autanmu, shi ya zauna gida yana riƙe da Inna da gonar tsohonmu lokacin da ni na shigo Sakkwato cin albashi. A wajenmu yanzu, duk wanda aka ce yana noma wa mutanen daji wiwi, sunansa infoma. Infoma kuwa 'yan sa-kai ba kotu suke kai shi ba. Bayan gari suke fita da shi, su dawo su kaɗai. Na san wannan sarai, amma wallahi da na ajiye wayar har da 'yar dariyata. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina malamin gona, kuma akwai wata irin rama mai yatsu wadda in tana ƙarama, daga nesa, sai ka rantse wiwi ce. Na ce jahilci ne kawai, in je in tsinko ganye ɗaya in kunyata su, in ci tuwon Inna in dawo.

Da sassafe na isa tasha. Motar Sabon Birni ta cika tun ƙarfe bakwai, amma direba ya zauna yana ta sakace. Da na yi masa magana sai ya ce ba ya tashi sai motar farko ta iso daga can, ya ji daga bakin direbanta cewa hanya ta kwana lafiya. Sai wajen tara da rabi ta shigo, direban ya ɗaga mana hannu, muka kama hanya mu huɗu a baya, biyu a gaba. Kusa da ni wata mata ce mai sayar da daddawa, da kwandonta bisa cinya, rabinsa a tawa cinyar. Daga Sakkwato har Goronyo ba ta rufe baki ba. Ta ba mu labarin surukinta, ta zagi gwamnati, ta yi mini cinikin daddawa sau uku.

Muna wuce Goronyo da kaɗan direba ya kashe rediyo. Matar ta ciro wayarta ta tura ta can ƙarƙashin daddawa, ta yi tsit. Babu wanda ya ce a yi shiru, kowa dai ya yi. To a nan ne ciwon sugana ya ga damar tona mini asiri. Fitsari ya matse ni, na daure, na daure, har na kasa, na ce direba ya taimaka ya ɗan tsaya. Ko waiwayowa bai yi ba ya ce, "Baba, in ta matsa ka yi shi cikin wando, ni za ni wanke kujera. Nan wurin ko uwata tac ce in tsaya ba ni tsayawa." Mai daddawa ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Haka na ƙudundune har muka isa wani shingen sojoji, na fita da gudu kamar an koro ni.

Abin da na gani ta taga shi ya fara kashe mini jiki. Ku kuna ganin daji ne kawai, ni kuwa na san gonakin nan. Ƙasa ce da ke ba da gero har a rasa rumbun zubawa, ga damina ta yi kyau, amma tafasa da ciyawa ne suka rufe ta. Mun wuce ƙauyuka uku da ban ga ko akuya ba.

A Sabon Birni na nemi mai babur da zai kai ni ƙauyenmu, can gefen Burkusuma. Wani dattijon ɗan kabu-kabu ya yarda, amma ya dube ni daga hula har takalmi ya ce shi ba ya ɗaukar kuɗin fansa a bayan babur ɗinsa. Ya ja ni wurin masu gwanjo ya zaɓo mini wata riga da ko tsumman goge mota ban yarda a yi da ita a gidana ba, da wando mai guntun ƙafa, da silifa. Shaddata da agogona muka bar su a shagon wani ɗan'uwansa. Ya kama tafin hannuna ya murza ya ce, "Wanga hannu na mai biro na." Ya shafa mini baƙin mai da ƙasa. Daga ƙarshe ya ce in cire tabarau in sa aljihu, don talaka ba ya sa gilashi. Ni kuwa in babu tabarau, abin da ya wuce taku goma duk hazo ne, don haka sauran tafiyar ban ga komai ba sai bayan rigar mutumin.

Mun isa ƙauye bayan la'asar muka tarar da shi kamar an share. Maza ne kaɗai, tsilla-tsilla. Aka ce mata da tsofaffi ba sa kwana a gari yanzu, tun rana da sauranta suke tsallaka iyaka zuwa wani ƙauye na Nijar, da safe su dawo, kuma Garba ya raka Inna can. Muka bi su. Iyakar ba wata aba ba ce, wata 'yar rumfa ce da jandarma biyu, wato 'yan sandan Nijar. Ɗaya ya karɓi katina ya duba hoton, ga mutum da babbar riga da hula da tabarau, ya ɗago ya ga wani almuru da guntun wando. Ya ce katin wa na sato. Sai da na sa tabarau, na gyara wuya, na ɗaure fuska irin ta hoto, sannan ya tuntsire da dariya ya ce in wuce.

Maigidan da ya ba su Inna masauki mutumin kirki ne, ya ba su rumfa biyu a bayan gidansa ba ya karɓar komai. Da ya ji an ce ni malami ne na gwamnati sai ya taso da fara'a yana cewa, "Sannu da zuwa, Mushe! A kawo ma Mushe tabarma." Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, na san na yi datti, amma ban kai mushe ba. Ashe su can haka suke kiran malamin boko, girmamawa ce. Likita kuma lokotoro ne, makaranta lakwal. Maigidan ya ce gobe zai sa a mai da mu da moto, na yi ta godiya ina murnar zan huta da babur, washegari na tarar moton nasu babur ne. Aka kawo dambun zogale da wani dogon burodi mai tauri kamar sandar makiyayi, sai shayi a ɗan ƙaramin kofi har zagaye uku, ba ka isa ka tashi a na biyu ba. Mutanen nan Hausarmu ɗaya, kakanninmu ɗaya, amma su akuyoyinsu a waje suke kwana.

Na sami Inna zaune a bakin rumfa tana tsinke ganye a faifai. Ta tsufa ƙwarai a shekara biyun da ban gan ta ba. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon faifan, wannan kuwa ba sabon abu ba ne tsakanina da ita. Ta ce, "Ka dai ji abin da nic ce maka." Na ce na ji, ta kwantar da hankalinta. Garba ya fito daga ɗaya rumfar, na kusa kasa gane shi. Mutumin da ke ɗaukar buhun gero shi kaɗai ya koma kamar kara. Na so in sa shi dariya na ce, "Kai, ramar da ke jikinka ai ta fi ta gonar." Bai yi dariya ba, ya karɓi jakata ya shige da ita.

Da safe muka koma ƙauye, aka taru a zauren Maigari. A nan na fahimci yadda maganar take. Gonar tsohonmu tana hayin rafi, kuma hayin rafi yanzu na mutanen daji ne. Ba mai tsallakawa sai manoman da suka sani suka kuma yarje wa. In 'yan sa-kai suka tsallaka, yaƙi ne. Wani ne ya hau tudun da ke wannan gefen ya hango wani kore shar a tsakiyar gonar Garba bayan an yanke gero, ya zo ya ce wiwi ce. Garba ya kawo karan rama ya nuna, aka ce rama ko a bayan ɗaki ana samu. Da maganar ta yi zafi sai Maigari ya ce a kira ni.

Shugaban 'yan sa-kan, Nomau, na san shi tun yana goye. Shekaru da yawa baya, an yi rikicin iyakar gona tsakanin mahaifinsa da kawuna, aka kira ni na auna, na ce gaskiyar mahaifin Nomau ce. Kawu ya mutu bai ƙara yi mini magana ba. Nomau ya tuna da wannan a gaban jama'a, ya ce, "Mutanena sun ce ɗan'uwa ba shi shaidar ɗan'uwa. Nic ce musu ban da Malam. Shi tahi shi gani. Abin da duk yac ce, shi na." Na ji daɗin maganar har cikin raina, ba zan ɓoye muku ba, har wani gyara zama na yi cikin tsummana.

Muka tafi ni da Garba da ƙafa, kowa da fartanya a kafaɗa. A mashigin rafi akwai wani mutum zaune a gindin marke, bindiga a kan cinya. Ban ga fuskarsa ba, tabarau na aljihu, kuma na gode wa Allah da hakan. Ya tambayi Garba wane ne wannan, Garba ya ce ɗan ƙwadago ne. Ya ce in nuna hannu, na nuna, ya ce tsoho da kai kana ƙwadago, mu wuce. Muka wuce, ban waiwaya ba.

Da muka isa gonar na fara cin karo da rama. Na shafa karan, ga shi miƙe sambal ba reshe, da 'yar ƙayarsa mai kartar hannu. Ganyen ƙasa faffaɗa ne, na sama mai yatsu, amma yatsun a haɗe suke daga gindi kamar tafin hannu. Na tsinki ɗaya na tauna, tsami ya cika mini baki. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi, na juya ina ce wa Garba ai ga shi nan, wannan ko makaho ya sani. Shi dai yana tsaye a bakin kunya bai shigo ba. Na kutsa ciki don in cika aiki, kunya ta ɗaya, ta biyu, ta uku. A ta huɗu hancina ya riga idona. Wani wari ne mai nauyi, mai kama maƙogwaro, wanda sau ɗaya na taɓa shaƙarsa a wani kwas da aka tura mu kudu, ban kuwa manta shi ba. Na sa hannu a aljihu na ciro tabarau.

Rama ba ta reshe haka. Wannan tun daga ƙasa ta yi rassa, ta buɗe kamar ƙaramar bishiya. Ganyenta yatsu ne warai-warai, kowane da gindinsa, bakinsu kamar haƙoran zarto. Na durƙusa na bi karan da ido, don aikin da na iya ke nan ko zuciyata na tafasa. Rassan ƙasa biyu-biyu suke, wannan na kallon wannan. Daga tsakiya zuwa sama kuwa sun daina tafiya tare, ɗaya nan, ɗaya can sama da shi, kuma tun a kwas ɗin aka gaya mana in ta fara haka to ta bar ƙuruciya. A kan rassan ga wasu curarruka da farin gashi, wasu har sun fara ja kamar gemun da aka sa wa lalle. Na taɓa ɗaya, yatsuna suka manne da juna. Ba guda goma ba ce ko ashirin. Duk tsakiyar gonar tsohonmu ce, wurin da aka koya mini riƙon fartanya, rama kunya uku ce kawai ta zagaye ta.

Na fito ban san lokacin da na shaƙe wuyan rigar Garba ba. Na zage shi zagin da ban taɓa yi wa mahaluki ba. Na ce ya ci amanar tsohonmu, ya ɗauko ni daga gidana ya kawo ni in yi masa shaidar zur. Ya bari sai da na gaji na sake shi, sannan ya zauna a ƙasa ya ce, "Yaya, ba ni nik kira ka ba."

Ya ce tun kafin ruwan farko mutanen daji suka tare shi a nan, suka ba shi irin a leda. Suka ce ko ya shuka, ko kuwa bana babu wanda zai yi noma a hayin rafi, shi da maƙwabtansa gida tara. Na ce to mu tuge ta yanzu mu tura rafi. Ya ce, "Duk mako suna zuwa dubi. Wanda munka wuce, aikinai ke nan." Na ce ya bi ni Sakkwato yau ɗin nan, shi da Inna da iyalinsa, ɗakunana biyu babu kowa. Ya ce sun gaya masa in ya gudu garin ne zai biya, kuma ya ga garin da ya biya. Na ce to a gaya wa Nomau gaskiya, tilas aka yi maka. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Wanda anka hita da shi watan jiya, shi ma tilas anka yi mai. Buhun gero ɗai yak kai musu."

Na zauna kusa da shi. Can na tambaye shi ko Inna ta sani. Ya ce, "Ita tab ba ni irin ramar. Tac ce in zagaye abin da ita, ko don kunyar masu wucewa."

Na daɗe a zaune. Ban taɓa jin na tsufa ba sai ranar. Na yi ta juya abin ta kowace fuska, irin yadda nake yi wa manomi in ya kawo mini matsalar tsutsa, ban sami ko ƙofa ɗaya ba. Daga baya na tashi na goge yatsuna da ƙasa, na murje su da ganyen rama har warin ya ɓace, na karyo karan rama uku masu kyau na saɓa a kafaɗa. A kansu na lura ramar ta fara ƙunso, 'yan ƙananan tohon fure sun fito a hammatar ganye. Na gani, na kuma san ma'anarsa, amma hankalina ba ya wurin.

Bayan azahar aka sake cika zauren Maigari, har da na tsaye a waje. Wani daga cikin 'yan sa-kai ya ce a ɗauko Alƙur'ani. Nomau ya daka masa tsawa ya ce, "Malam ba a ba shi Alƙur'ani. Bakinai ya isa." Da ma ya bari an kawo, wataƙila da tsoron Allah ya riƙe mini harshe, ban sani ba. Maigari yana kallona, kallon da har yau ban gane ba ko na tambaya ne ko na roƙo. Garba na rakuɓe a bakin ƙofa. Na ajiye karan a tsakiya na ce, "Rama ta."

Zauren ya ɗauki hamdala. Wani tsoho ya fashe da kuka. Na ɗauki ganye ina nuna musu yadda yatsun suke haɗe, na ba na kusa da ni ya tauna, aka yi dariya da ya yamutse fuska. Duk abin da na faɗa a kan ganyen nan gaskiya ne, shi ya sa muryata ba ta yi rawa ba. Da na tsaya a nan da an tashi lafiya.

Sai Nomau ya ɗauki kara ɗaya yana juyawa, ya nuna tohon ya ce, "Malam, waɗanga fa? Yaushe za su buɗewa?" Ba tarko ya ɗana mini ba, na rantse, tambaya ce irin ta manomi ga malamin gona. Ni kuma shekara talatin ba a taɓa yi mini irin wannan tambaya na yi shiru ba. Bakina ya tafi shi kaɗai. Na ce nan da mako biyu, in ta daɗe uku. Ban tsaya nan ba, don ba na iya ba da amsa rabi. Na ce furen rama babba ne, fari mai ɗorawa-ɗorawa da jan ciki, in ta buɗe da hantsi gona gaba ɗaya takan yi fari fat, ko daga kan tudu sai a gani. Ina rufe baki na ji abin da na faɗa. Na dubi bakin ƙofa, Garba ya sunkuyar da kai.

Nomau ya yi murna ƙwarai. Ya ce, "To madalla! Ran da tay yi hure sai mu hau tudu da masu gardama, su gani da idonsu, bakin kowa shi mutu. Malam, ka komo mu hau tare, a wanke ƙanenka gaban jama'a." Na ce in Allah ya yarda. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya raka ni har waje.

Ban ƙara kwana a can ba sai ɗaya. Inna ba ta tambaye ni abin da na gani ba, ni ma ban ce mata komai ba. Da zan tafi na durƙusa, ta ce Allah shi yi mini albarka, ta faɗa har sau uku. Garba ya raka ni inda babur yake jira. Na ce ya yafe mini, bakina ne ya ja. Ya ce, "Ba komi, Yaya. Ko ba ka hwaɗi ba, rama ba ta fasa hure. Ka dai samo min mako biyu, za ni samu in kai gero gida." Na sake roƙonsa ya biyo ni, ya ce in gaida yara.

Na karɓi shaddata a Sabon Birni na sa, na hau mota. Mun bi ta wurin nan da ake kashe rediyo, kowa ya yi tsit, ni kuwa ko gezau. Ba jarunta ba ce, ji nake in sun tare mu ma sun rage mini aiki. Na iso gida maiɗakina ta ce yaya, na ce rama ce, ta ce ai da ma ta faɗa.

Ran da na cika kwana goma sha shida da dawowa, ina zaune a nan majalisa tare da ku, waya ta yi ƙara na tashi na koma gefe. Kuna ta tsokanata wai amarya ce. Nomau ne. Ya gaishe ni da ladabi kamar kullum, ya tambayi jiki da iyali. Sannan ya ce, "Malam, na hau tudu yau da hantsi, ni ɗai, ban gaya ma kowa ba. Rama ta yi hure, ta yi kyau. Amma daga gehe ɗai. Tsakiyar kore ta." Ya ce, "Nic ce ƙila akwai irin da ba ta hure da wuri, ni ban da ilimin abin. Kai ka sani. Ba ni hawa da mutane sai ka zo, amma sun hwara tambaya. Yaushe za ka zo?"

Na ce jibi.

Yau kwana shida ke nan da wucewar jibin. Kullum da safe nakan sa riga in ɗauki jaka, in kai bakin titi in dawo. In na je na ce akwai irin da ba ta fure da wuri, na ƙara wa Garba mako ɗaya, daga nan warin da kansa zai tsallako rafi. In na je na faɗi gaskiya, da bakina na miƙa shi. In na zauna, zamana ma amsa ce, kuma Nomau ba wawa ba ne. Ya sake kira sau biyu ban ɗauka ba.

Garba kuwa yana da lambata, yana kuma da waya. Bai kira ni ba ko sau ɗaya. Na san halinsa tun yana yaro, ba fushi yake yi ba, ba ya so ne ya ɗora mini nauyi.